MUTANEN DA SUKA HAU SAMA CIKIN KWANDO

Ran 15 ga watan Afrilu, 1875, wajen ƙarfe huɗu na yamma, mutanen wani ƙauye mai suna Ciron a tsakiyar ƙasar Faransa suka ga wani ƙaton balan-balan ya gangaro daga sama, iska tana jansa a ƙasa, da kwando rataye a ƙarƙashinsa. Da suka sheƙo sai suka tarar da mutum uku a ciki. Biyu sun riga sun cika, fuskokinsu sun yi baƙi, bakunansu duk jini. Na ukun yana da rai, amma a gigice yake, kuma tun daga ranar kunnensa bai ƙara ji sosai ba har ya bar duniya.

Babu gobara a cikin kwandon, kuma ba faɗuwa ce ta kashe su ba. Hawa suka yi har inda iska ba ta isar ɗan Adam, alhali kuwa ga iskar shaƙa da suka yi guzuri tana rataye bisa kawunansu, miƙa hannu ɗaya tsakaninsu da ita. Abin da ya hana su miƙa hannun shi ne babbar matsalar da masu binciken sararin sama suka yi shekaru da yawa suna fama da ita.

Balan-balan da ake magana a nan ba irin wanda yara kan hura da baki ran salla ba ne. Ƙaton buhu ne na siliki ko na wani yadi mai ƙarfi, a shafe shi da danƙo don kada ya yi yoyo, tsawonsa ya kai bene mai hawa da yawa. Akan cika shi da iskar da ta fi tamu rashin nauyi, watau haidurojin ko gas ɗin kwal wanda Turawa ke kunna fitilun titi da shi a lokacin, sa'an nan a lulluɓe shi da raga, a rataya kwandon da mutane za su shiga. Ba shi da inji, ba shi da sitiyari. In ana son hawa sai a zubar da yashin da aka ɗauko a buhuna. In kuwa sauka ake so sai a ja wata igiya, bawul ɗin da ke can ƙololuwa ya buɗe, gas ya ragu. Inda za a dosa kuwa, wannan sai yadda iska ta yi da mutum.

A Faransa aka fara, cikin 1783. 'Yan'uwa biyu da ake kira Montgolfier suka tayar da nasu da iska mai zafi, suka fara gwadawa da tunkiya da agwagwa da zakara kafin mutum ya shiga. Ran 1 ga Disamba na wannan shekara wani malamin kimiyya, Jacques Charles, ya tashi da na haidurojin ya kai wajen mita 3,000, ya sauko da ciwon kunne mai tsanani, bai kuma ƙara hawa ba. Cikin 1804 Gay-Lussac ya kai mita 7,016 shi kaɗai, ya ɗebo iskar wurin a kwalabe. Da aka auna sai aka ga haɗinta ɗaya ne da ta ƙasa, watau kimanin kashi 21 cikin ɗari oksijin ne, iskar da jini ke bukata. Abin da ke raguwa shi ne yawan iskar kanta. A tsawon mita 5,500 saura rabi, a wajen mita 9,000 kuwa saura sulusi ko abin da bai kai ba, saboda haka kowane numfashi yana kawo wa jiki sulusin abin da ya saba samu.

DA HAƘORI YA JA IGIYA

Bayan shekara 58 sai Ingilishi suka shiga zancen da gaske. Ƙungiyar masana kimiyya ta Biritaniya tana son sanin yadda zafi da laima ke sauyawa a sama, domin a can ne girgije da hadari ke haɗuwa. Wanda ya karɓi aikin shi ne James Glaisher, shugaban sashen awon yanayi a ma'aikatar duban taurari ta Greenwich, dattijo mai shekara 53. Direbansa kuwa Henry Coxwell ne, wanda ya koyi aikin likitan haƙori amma tuƙin balan-balan ya zama sana'arsa.

Ran 5 ga Satumba, 1862, suka tashi daga garin Wolverhampton jim kaɗan bayan ƙarfe ɗaya na rana. Glaisher yana zaune gaban wani allo cike da ma'aunai, yana rubuta abin da ya gani minti bayan minti. Sun tafi da tattabaru shida, suna saki ɗaya bayan ɗaya don su ga yadda tsuntsu zai yi. Wadda aka saka bayan sun wuce mil huɗu, faɗowa ta yi kamar dutse.

Kafin sa'a guda ta cika sun kai ƙafa 29,000, kusan tsawon dutsen Everest ke nan. Nan Glaisher ya ga ba ya iya karanta lambobin ma'auninsa. Ya ɗora hannu a kan allo, ya nemi ɗagawa ya kasa. Kansa ya langaɓe a kafaɗa, ya yi yunƙurin kiran abokinsa harshe ya ƙi, sai duhu ya rufe masa ido. Shi kuwa Coxwell ba ya ma cikin kwandon. Juyin da balan-balan ke yi ya sa igiyar bawul ta sarƙe, ya hau zoben da ke bisa kwandon don ya warware ta, sanyi ya kama hannuwansa suka yi baƙi suka sandare. Da ya diro cikin kwando ya ga abokinsa a some, shi ma ya ji tasa tana zuwa, sai ya cafki igiyar da haƙora, ya dinga fizgar kansa ƙasa har gas ya fara fita. Da haka suka tsira. Glaisher yana farfaɗowa ya ɗauki fensirinsa ya ci gaba da rubutu.

Daga baya ya yi lissafi cewa sun kai ƙafa 37,000, amma masana da dama suna ganin lissafin ya yi yawa, tun da babu wanda ke kallon ma'auni sa'ad da suke can ƙololuwa. Ko ma nawa ne, Glaisher bai daddara ba. Hawa 28 ya yi tsakanin 1862 da 1866.

GUZURIN DA BA A TAƁA BA

Wani likita Bafaranshe mai suna Paul Bert shi ya gano asalin cutar. Ya ƙera wani ɗaki na ƙarfe a birnin Faris wanda ake zuƙe iskar cikinsa da famfo har ta zama kamar ta bisa dutse mai tsawo. Ya gwada da tsuntsaye da karnuka, ya kuma shiga da kansa. Ya tabbatar cewa ƙarancin oksijin ne ke kayar da mutum, kuma in aka shaƙi oksijin daga jaka, ƙarfi da hankali sukan komo nan take.

Cikin waɗanda suka shiga ɗakin nan har da Joseph Crocé-Spinelli, injiniya, da Théodore Sivel, tsohon matuƙin jirgin ruwa. Cikin Maris 1874 suka hau mita 7,300 da jakunkunan oksijin, suka sauko lafiya. Sai suka shirya wata tafiyar da sabon balan-balan mai suna Zénith, suka ɗauki na uku, Gaston Tissandier, masanin haɗa sinadarai kuma editan wata mujallar kimiyya. Nufinsu su wuce inda Glaisher ya kai.

Bert ba ya gari lokacin shirin. Da labari ya iske shi na yawan oksijin da za su tafi da shi, ƙananan jakunkuna uku, sai ya rubuto musu cewa wannan ba zai ishi mutum uku ba ko kusa. Wasiƙar ta zo an riga an tsai da rana. Maimakon su ɗaga tafiyar su ƙaro guzuri, sai suka yanke shawarar su riƙa tattalinsa, kada su shaƙa sai wuya ta yi wuya. A ƙasa wannan shawara ce ta masu hankali, irin wadda duk matafiyin hamada zai yi da salkar ruwansa. Sai dai ƙishirwa tana sanar da mai ita, ƙarancin oksijin kuwa ba ya sallama.

Tissandier, wanda ya rayu, ya bayyana yadda abin yake. Ya ce daga wajen mita 7,500 mutum ba ya jin zafin komai. Wani irin daɗi ne ma ke lulluɓe shi, ya daina damuwa da hatsari, ya riƙa murna yana ƙara hawa. Suna cikin wannan hali Sivel ya tambaye su ko a ƙara zubar da yashi, suka amsa masa, ya yanke buhu uku. Can Tissandier ya so ya kama bututun oksijin, hannu ya ƙi ɗaguwa. Idonsa na kan ma'auni, ya ga sun kai mita 8,000, ya so ya faɗa wa abokansa harshe ya ƙi motsi, sai ya suma wajen ƙarfe ɗaya da rabi.

Abin da ya fi ban tausayi a gaba yake. Bayan ƙarfe biyu ya farka ya tarar balan-balan yana gangarowa da kansa, watau da an ƙyale shi da sun tsira duka. Crocé-Spinelli ma ya farka, ya ga suna sauka da sauri, sai ya zubar da yashi, ya kuma jefar da wata na'ura mai nauyin kilo 17 da barguna. Balan-balan ya sake cillawa sama da mutum uku a some. Da Tissandier ya sake buɗe ido wajen uku da rabi, abokansa sun riga sun rasu. Ma'aunan da aka liƙe kafin tashi sun nuna sun kai kimanin mita 8,600. An binne mutanen biyu a kabari ɗaya a maƙabartar Père Lachaise ta birnin Faris.

Duk wanda ya taɓa shiga jirgin sama, ko daga Kano zuwa Jidda ne, ya ji ma'aikatan jirgi suna gargaɗi cewa in abin shaƙar iska ya sauko, mutum ya fara sa nasa kafin ya taimaki ɗansa. Waɗansu kan ji abin kamar rashin tausayi. Dalilin shi ne a tsawon da jiragen nan ke tafiya, mita 10,000 zuwa 12,000, in iskar cikin jirgi ta tsere, abin da ya rage wa mutum na cikakken hankali bai fi minti guda ba, wani lokaci ma daƙiƙa 20.

Jamusawa biyu, Arthur Berson da Reinhard Süring, sun tafi da tukwanen oksijin na ƙarfe ran 31 ga Yuli, 1901, daga birnin Balin, suka kai mita 10,800. Duk da haka su ma sun suma, sa'a ce ta sa Berson ya riga ya ja igiyar bawul.

MAI BALAN-BALAN NA TAKARDA

Babban abin da aka gano game da sararin sama, wanda ya gano shi bai bar ƙasa ba. Sunansa Léon Teisserenc de Bort, ɗan wani ministan Faransa ne, mai dukiya. Cikin 1896 ya bar aikin gwamnati ya kafa tashar awon yanayi da kuɗinsa a garin Trappes, kusa da Faris. Ya bi dabarar da waɗansu 'yan ƙasarsu biyu, Hermite da Besançon, suka fara cikin 1892, watau a aika da ma'aunai su kaɗai ba tare da mutum ba. Nasa balan-balan ɗin na takarda ne da aka shafa wa mai. Akan rataya masa ɗan kwando mai ɗauke da ma'aunin zafi da na nauyin iska, da wata allura mai zana layi a kan faranti da aka turara da hayaƙi. In abin ya faɗo a gonar wani, akwai takarda a jiki mai roƙon a mayar da shi a karɓi lada.

Abin da kowa ya sani a lokacin shi ne sanyi yana ƙaruwa da hawa, kimanin digiri shida da rabi a kowace kilomita, kuma an ɗauka haka zai yi ta tafiya har iska ta ƙare. Amma faranti bayan faranti sai ya dinga nuna wani abu dabam. Da zarar an kai wajen kilomita 11, inda sanyi ya kai kimanin digiri 55 ƙasa da sifiri, sai ya tsaya cik. A ƙara hawa kilomita biyu ko uku, yana nan inda yake, wani lokaci ma ya ɗan sassauta.

Waɗansu sun riga sun ga irin wannan, suka ce kuskure ne, rana ce ke gasa ma'aunin, har sukan gyara lambobin su dace da abin da ake zato. Teisserenc de Bort ma ya yi wannan zargi, amma maimakon ya gyara lambobi sai ya gyara gwajin. Ya koma sakin balan-balan da dare, lokacin da babu ranar da za a ɗora wa laifi. Sakamakon bai sauya ba. Bai kuwa yi gaggawar shela ba, sai da ya tara awo 236 cikin rani da damina da hunturu, sa'an nan ya kai rahotonsa gaban majalisar masana kimiyya ta Faransa ran 28 ga Afrilu, 1902. Bayan kwana uku Richard Assmann ya ba da irin wannan sanarwa a Balin, shi da balan-balan na roba ya yi nasa awon.

Ashe iskar da ta lulluɓe duniya hawa-hawa ce. Teisserenc de Bort ya raɗa wa hawan ƙasa suna turofosfiya, watau inda iska ke juyawa, can ne mazaunin girgije da hadari da ƙurar hunturu. Na bisansa ya kira shi sitiratosfiya, inda iska ke kwance shimfiɗa-shimfiɗa. Sai daga baya aka gane cewa wata iska da ake kira ozon ce ke shanye wani kashi na hasken rana a can, ta ɗumama wurin.

Iyakar hawan biyu ba ɗaya take a ko'ina ba. Cikin 1908 Berson ɗin nan da ya suma a Balin ya jagoranci wata tawaga zuwa Afirka ta Gabas, suka saki balan-balan a tafkin Biktoriya. Suka tarar a ƙasashe masu zafi iyakar tana can sama sosai, wajen kilomita 16 zuwa 18, kuma sanyinta ya kai digiri 80 ƙasa da sifiri. Watau a wannan tsawo, iskar da ke bisa Sakkwato ko Legas ta fi wadda ke bisa Landan sanyi nesa ba kusa ba. A tashar Trappes ɗin dai aka fara haɗa balan-balan da rediyo cikin 1929, ya riƙa aiko da awonsa tun yana sama, aka huta da jiran manomi ya tsinto kwando. Irinsa ne ɗaruruwan tashoshi a duniya ke saki sau biyu kowace rana don hasashen yanayi.

TULUN PICCARD

Saura mutum ya shiga hawa na biyu ya komo da ransa. Wani hafsan sojan Amurka, Kyaftin Hawthorne Gray, ya gwada da buɗaɗɗen kwando ran 4 ga Nuwamba, 1927. Ya kai ƙafa 42,470, oksijin ɗinsa ya ƙare yana kan hanyar sauka, washegari aka tsinci gawarsa a cikin kwandon a jihar Tennessee. A irin wannan tsawo ko zallar oksijin mutum ke shaƙa da ƙyar take isarsa, domin babu nauyin iskar da zai tura ta cikin jini.

Auguste Piccard, mutumin Siwizalan mai koyar da kimiyya a jami'ar Brussels, shi ya ga cewa kwandon ne ya kamata a bari. Bukatarsa ita ce ya auna wani haske marar ganuwa mai zubowa daga sararin samaniya, wanda Victor Hess ya gano cikin 1912 da ya hau mita 5,350. Sai ya sa aka ƙera masa wani dunƙulallen ɗaki na alminiyam kamar tulu, faɗinsa mita biyu da 'yan kai, a rufe ruf, mai riƙe iskar ƙasa a cikinsa, da na'urar sabunta iska irin ta jirgin ƙarƙashin teku. Masana'antar da ta ƙera shi tankunan giya ta saba yi. Hukumomin Jamus suka ce sai da hular kwano, shi da mataimakinsa Paul Kipfer suka kifa kwandunan ɗinki a ka da matasai a ciki.

Suka tashi daga Augsburg da asubar 27 ga Mayu, 1931, kuma kusan duk abin da zai iya lalacewa ya lalace. Tun da farko aka ji iska tana fita ta wata kafa, Piccard ya toshe ta da basilin da zaren buhu. Cikin rabin sa'a sun wuce kilomita 15, suka tsaya a mita 15,781, inda sama ta koma shuɗi mai duhu. Da suka nemi sauka sai suka tarar igiyar bawul ta sarƙe, ga shi babu halin fita a hau zobe kamar yadda Coxwell ya yi. An shafa wa tulun baƙin fenti a gefe ɗaya, gefe ɗaya kuma mai ƙyalli, da nufin a riƙa juya shi don daidaita zafi, sai injin juyawar ya ƙi aiki, baƙin gefen ya fuskanci rana. A waje sanyi mai daskarar da jini, a ciki zafi ya kusa digiri 40. Ruwan shansu ya ƙare, suka koma lasar raɓar da ke taruwa a bango.

Babu abin yi sai jiran rana ta faɗi, gas ya huce, balan-balan ya sauko don kansa, suna lissafin sauran oksijin. Bayan sa'a 17 suka dira da dare a kan ƙanƙarar duwatsun Ostiriya kusa da ƙauyen Obergurgl, lokacin waɗansu jaridu har sun fid da rai da su. Da gari ya waye mutanen ƙauyen suka hau neman gawa, suka gamu da su suna gangarowa da ƙafafunsu.

Daga nan abin ya zama tsere tsakanin ƙasashe. Piccard ya ƙara hawa cikin 1932 ya kai mita 16,201. Ran 30 ga Janairu, 1934, Rashawa uku suka kai mita 22,000, amma wajen sauka igiyoyi suka tsinke, tulun ya faɗo da su, aka binne su a bangon fadar Kremlin. Cikin Oktoba na wannan shekara Jeannette Piccard, matar tagwayen Auguste, ta tuƙa nata a Amurka, ta zama mace ta farko da ta shiga sitiratosfiya. Ran 11 ga Nuwamba, 1935, hafsoshin Amurka biyu, Albert Stevens da Orvil Anderson, suka kai mita 22,066 cikin Explorer II, wanda aka cika da iskar hiliyam marar kama wuta, suka ɗauko hoton da ya nuna lanƙwasar duniya. Ba a sami balan-balan mai ɗauke da mutum da ya wuce su ba sai cikin 1956.

Kafin wannan lokaci masu ƙera jiragen sama sun riga sun ɗauki dabarar rufaffen ɗaki. Cikin 1940 jirgin fasinja na farko mai matsattsiyar iska, Boeing 307, ya fara jigila a Amurka. A jiragen yau, sa'ad da ake tafiya a tsawon kilomita 11, iskar da fasinja ke shaƙa daidai take da ta bisa dutse mai tsawon mita 1,800 zuwa 2,400, kusan kamar mutum yana tsaye a kan tsaunin Mambila.